Gonar Yayana da Na Sa Aka Daɓe Wa Jirgin Sama

Ni 'yar Adogi ce, a gidan manoman doya aka haife ni. Ba zan rubuta sunana ba, kuma ba kunya ce ta hana ni ba. A Lafiya in ka ce Mai Jirgi, ko mai tallan ruwan sanyi zai nuna maka ƙofata. Da hannuna nake rubuta wannan, hannun da bai riƙe fensir ba sai da furfura ta fara fito mini, saboda haka in kun ga magana ta karkace ku miƙe ta a ranku ku wuce. Da ku nake, samari da 'yan mata. Tun da aka ba mu jiha, duk inda mutum ya zauna sai ya ji za a yi kaza, za a kawo kaza, har da filin jirgi. Masu irin sana'ata ta dā suna jin wannan hirar fiye da kowa, kuma suna shiri.

Babanmu ya rasu ina ƙarama, Yaya Dauda ne ya riƙe ni. Abu biyu Baba ya bar masa. Na farko gona ce doguwa, shimfiɗaɗɗiya kamar faranti, babu dutse babu kwari. Na biyu irin doya ne wanda Baba ya gada wurin nasa uban. Fara ce sol, in an daka ta sakwara sai ta yi danƙo, ta kwana ba ta yi baƙi ba. A ƙasarmu manomi yana sayar da doya, yana cin doya, yana kyauta da doya, amma iri ba ya taɓuwa. Ƙananan nan da ake warewa a jera a rumfa su jira ruwan farko, su ne gonar baɗi. Na ga shekarar da muka yi ta cin ganye da rogo, ga iri jere a rumfa muna kallonsa, babu wanda ya ko yi tunanin miƙa hannu.

Aure ya kai ni Lafiya, auren ya mutu, ni na zauna. Na shiga kasuwar doya na zama dillaliya. Yadda ake yi kuwa shi ne, manomi ya sauke kayansa a gabanki, ya koma gida, ranar kasuwa ta gaba ya zo ya ji yadda aka yi. Babu takarda, babu shaida, bakinki ne kawai. Mutanen Adogi da na Ashige wurina suke saukewa, don ni tasu ce, ƙanwar Dauda.

A nan na fara. Doya ɗaya nake zarewa daga kwarya, wato tarin da ake sayarwa a dunƙule, in ce ɓera ya ɓata ta. Da na ga babu mai tambaya, sai na koma sayarwa da tsada in faɗa wa mai kaya kuɗi ƙasa da haka. Kada wani ya ce talauci ne. Ina ci, ina sha, ina da ɗakina da gadona na ƙarfe. Daɗi nake ji in ga mutum ya yi mini godiya bayan na cuce shi. Wannan daɗin ne ciwon, kuma shi ya yi ta girma.

Lokacin muna ƙarƙashin Filato, zamanin da komai ya yi tsada, sabulu ma sai an yi layi. Nakan bi motar doya zuwa Makurɗi, inda nake da kwastoma mai dafa wa ma'aikata sakwara kusa da filin jirgi. A rumfarta na haɗu da wani mutum da ake kira Manaja. Kwat yake sawa cikin zafin nan, takalminsa kullum a goge. Aikinsa dillanci ne kamar ni, sai dai abin da aka ba shi ya nemo wa mai saye ba doya ba ce. Wani ɗan kwangila ne harka ta karye masa, yake neman rabuwa da ƙaramin jirginsa, ya ba Manaja izinin nuna wa duk mai so.

Rannan Manaja yana cin sakwara ya ji yadda nake ciniki, ya ce, "Madam, bakin nan naki ya fi ƙarfin doya. Kin taɓa shiga jirgi?"

Na ce, "A ina zan shiga, a mafarki?"

Ya ce, "Wanke hannu ki biyo ni."

Jirgin yana ajiye a gefe, fari da layi shuɗi. Ban ga farfela a hancinsa ba. Injuna biyu ne manne a bayansa kusa da wutsiya, kamar gangunan man ja. Ƙofarsa in an buɗe sai ta sauko ta zama matakala. Da na shiga sai da na sunkuya, ni da ba doguwa ba. Kujerun fata ne masu laushi, na mutum shida ko bakwai, wasu suna fuskantar juna, da ɗan tebur da ake jawowa daga bango a naɗe shi in an gama. Akwai ɗan wurin ajiye lemo ya yi sanyi. Can baya, bayan labule, ga masai ƙarami wanda mai jiki irina sai ta shiga a kaikaice. A gaba kujerun matuƙa biyu, da agoguna birjik har saman kai.

Matuƙin yana nan ranar. Kyaftin suke ce masa, dogo ne mai Hausa tsantsa irin ta can sama. Yakan zo lokaci lokaci ya tayar da injunan don kada zama ya lalata su. Mutumin kirki ne, bai raina ni ba, duk abin da na tambaya sai da ya amsa. Ya ce jirgin na hannu ne, ya yi masu shi biyu a Turai kafin ya iso nan. Ya ce shi jirgi ba a duba shekarunsa kamar mota, awannin da injin ya yi yana aiki ake dubawa, kuma na wannan sun kusa kai lokacin da za a kwance su a duba ciki, abin da ke korar masu saye ke nan. Mansa ɗan'uwan kananzir ne, yana kuma shansa kamar babu gobe.

Na ce, "To me ake yi da shi?"

Ya ce, "Lokaci ake saye da shi, Hajiya. Mai shi yakan karya kumallo a gida, ya je Ikko ya sa hannu a kwangila, la'asar ta same shi a ƙofar gidansa. Manyan banki sukan yi hayarsa. Na taɓa ɗaukar mahaifiyar mai jirgin a kwance zuwa asibiti, da ta hanya aka bi da ba ta kai ba."

Sai na yi tambayar da ke bakina tun shigata. Na ce, "Kwaryar doya nawa zai ɗauka?"

Ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba. Ya fito da ni ya buɗe wata 'yar ƙofa a jikin jirgin. Ya ce, "Ga wurin kayan duka. Akwatuna kaɗan, su ma sai an auna. In nauyi ya wuce ƙa'ida ni ba na tashi."

Na ce, "A garinmu fa, zai sauka? Yayana na da fili a shimfiɗe, babu ko tudu."

Ya nuna mini tayoyin, ƙanana ne masu tauri. Ya nuna bakin injin. Ya ce, "Wannan iska yake zuƙa da ƙarfi. Tsakuwa kamar ƙwayar gyaɗa in ta shiga, an gama. Masu farfela irin na 'yan mishan su ne ke sauka a ciyawa. Wannan sai doguwar kwalta, mai santsi, wadda ake sharewa. Duk wanda ya ce miki zai sauke shi a gona, kashe mutane zai yi."

Ku riƙe wannan da kyau. Na ji da kunnena, na gane sarai. Duk abin da ya biyo baya da sani na yi shi.

Da muka koma rumfar sakwara, Manaja ya ce, "Tambayoyin nan biyu da kika yi, duk manomin ƙasarku su zai yi. Bambancin kawai, su ba amsar Kyaftin za su ji ba, taki za su ji."

A zaman nan muka ƙulla. Za a ce wani kamfani ya sayi jirgin don kai doyar Lafiya Ingila, inda guda ɗaya ke yin kuɗin akuya. Ana neman wurin sauka kusa da gonaki. Kayan farko mota za ta kwasa zuwa Makurɗi a wanke a auna, sannan ranar da aka sa jirgi ya sauka a Adogi da Turawan da kuɗin. Na ce masa filin na mene ne, ai wahala ce kawai. Ya ce, "Wanda ya zuba guminsa a abu ba ya yarda ƙarya ne, Madam. Ba su aiki su yi."

Matsala ɗaya ce. Bazara ce, doyar ci duk an sayar, abin da ya rage a rumfuna iri ne kawai, kuma a lokacin ne yake tsada. Manaja ya ce ai babu manomin da zai saki iri. Ni na kawo dabarar, ba shi ba. Na ce za mu ce jirgin ƙarami ne, saboda haka ƙananan doya yake ɗauka, masu shiga akwati, su Turawa ke so. A ce gwaji ne, za su zaɓi kaɗan su biya da tsada, saura jirgi ya dawo da shi kafin ruwan farko. Manaja ya dube ni ya ce, "Ke kam ba a koya miki."

Na san mutanen Adogi ba za su motsa ba sai Yaya ya motsa. Na kawo shi Makurɗi da dattawa biyu, a ranar da muka tabbata Kyaftin ba ya nan. Yaya ya tuɓe takalmansa a gindin matakala kamar zai shiga masallaci. Ya zauna a bakin kujera, ya ƙi jingina don kada rigarsa ta ɓata fata. Ɗaya dattijon ya leƙa bayan labule ya ce, "Dauda, zo ka ga, har da wurin kama ruwa. In mutum ya yi, kan wa yake zuba?" Aka yi dariya. Yaya ya dubi cikin ya ce, "Auta, ina doya za ta zauna a nan?" Auta yake kirana. Na ce za a cire kujerun. Ya gyaɗa kai, don haka ake yi wa motar fasinja in za ta ɗauki kaya.

Gonarsa aka zaɓa, dama ita nake nufi. Aka ce kamfani zai ba shi wata a Ashige. Ya riga ya gama kunyoyinsa, suna jere suna jiran ruwa. Aka kira gayya. Maza suka zo da garma suka baje kunyoyin da ya yi wata da watanni yana tadawa, ana kiɗa, ana shan kunu. Aka sare itatuwan bakin gona, har da ɗorawar da muke hutawa a gindinta. Aka yi ta jido jar ƙasa mai tsakuwa da kwanon sarki ana zubawa.

Sai matan Adogi suka ce ai ƙasa sako-sako ba ta dace da baƙo irin wannan ba, daɓe za a yi. Ban sa su ba, su suka kawo da kansu. Yadda ake daɓe ɗakin da za a shiga, haka suka yi wa gona guda. Suka jiƙa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ya yi ƙarfi, suka yayyafa, suka durƙusa a layi da madaɓai suna bugu suna waƙa, daga wannan kai zuwa wancan. Kwana da kwanaki suna yi cikin rana. Hajara matar Yaya ita ke gaba, da goyo a bayanta, tafin hannunta duk ya yi bororo. Ina tsaye a inuwa da lema ina cewa nan bai yi ba, a sake. Ƙasar ta yi tauri, ta yi sheƙi, in ka taka sai ka ji ƙwas. Suna tsince ƙananan duwatsu ma, saboda na ce jirgin ba ya son tsakuwa. Cikin duk abin da na faɗa musu, wannan kaɗai ne gaskiya.

Ranar da motar ta zo kwasar iri, manoma suka tsaya kowa a bakin rumfarsa, ido na kan Yaya. Ya ja ni gefe, bayan rumfa. Ya ce, "Auta, ni ban san jirgi ba. Ke kin shiga, kin yi magana da direbansa. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, zai sauka a nan?"

Na dube shi cikin ido na ce, "Zai sauka, Yaya."

Ya ce, "Shi ke nan." Ya ɗaga murya ya ce a loda.

Hajara ta ɗauki kwando ɗaya ta nufi ɗaki da shi. Ta ce, "Wannan dai a bar mana, ko don yara." Na san in ta shige da shi kowace mace za ta yi haka, motar ta tafi rabi. Na sha gabanta na ce, "Hajara, gaban mutane za ki nuna ba ki yarda da mijinki ba? Shi ya ce a loda, ke kin fi shi hankali ke nan?" Ta dubi Yaya. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ta." Ni na karɓi kwandon daga hannunta, ni na miƙa shi cikin mota.

Wasu suna cewa Manaja ya yaudare ni ni ma, ya gudu ya bar ni. Ba na son wannan tausayin, ku riƙe abinku. Ya sayar da irin a kasuwannin tsallaken kogi, ya ba ni rabona cif, na karɓa, na sayi 'yan kunnen zinari da atamfofi. Yarjejeniyarmu ce in tsaya har ranar saukar jirgi don kada hankali ya tashi da wuri, sannan in sulale.

Ranar kuwa Adogi ta cika. An zo daga Ashige, an zo daga Lafiya, har masu gishirin Keana sun zo da nasu samfur ko Turawa za su so. An yi wa bakin filin ado da farar ƙasa. Yaya ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Duk shahon da ya gifta sai yara su ruga. Rana ta take, mutane sun kare ido da hannu suna duban gabas. Na ce bari in je bakin titi in ga ko an aiko da saƙo. Na tari mota na wuce. An ce Yaya bai bar wurin ba sai da aka kira magariba, kuma washegari ma ya dawo ya tsaya.

Ban yi nisa ba. A wata tasha kan hanyar Jos wani direban motar doya ya gane ni, ya riƙe mayafina ya tara mini jama'a. Ban yi kuka ba, ban roƙi kowa ba. A kotu aka kira Kyaftin ya faɗi abin da ya gaya mini, bai ƙara ba bai rage ba. Alƙali ya tambaye ni ko haka ne, na ce haka ne. Lauyan da aka ba ni ya so in ce ni jahila ce, ban fahimci bayanin ba. Na ce masa jahilar karatu ce ni, ba ta magana ba. Mutanen kotu suka yi ta dariya da aka zo maganar daɓe, har mai rubutu ya kifa kai a tebur. Yaya yana zaune a benci na baya, bai ɗago ba. Manaja kuwa har yau ban ji inda ya shiga ba.

Na yi shekaru a gidan yari. Ba zan ƙawata muku shi ba, kuma ba zan yi ta kuka a kansa ba. Wake da tsutsa, tabarma ɗaya mu uku, bokiti a lungu. Abin da ya fi cina shi ne ruwan farko. Duk shekara in na ji ƙanshin ƙasa ta taga, na san ana dasa doya ko'ina a ƙasarmu ban da gona ɗaya. Wata gandiroba mai shekaru ce ta fara koya mana baƙi da alli a jikin bango. Da na fito na shiga ajin yaƙi da jahilci a Lafiya, na zauna da sa'o'in 'ya'yana, suna mini dariya ina musu tsawa, har na iya.

Kafin ajin, Adogi na fara zuwa. An ce kada in je, na ce ƙafata ce. Na sayar da abin da ya rage mini na sayi iri mai kyau a kasuwa, na ɗora a kai. Sauran manoman da na cuta sun farfaɗo, dangi sun tara musu iri, gonakinsu kuma ba a taɓa su ba. Yaya ne ya rasa duka biyu. Ƙasar ta ƙi garma, ruwa in ya sauka gudu yake a kai kamar kan siminti. Irin Baba kuma babu wanda ke da shi, don ba a taɓa fitar da shi daga gidanmu ba sai ranar da na miƙa shi cikin mota.

Na same shi yana ƙwadago a gonar wani Tibi, yana tada wa wani kunya. Mai gonar ya hango ni ya ce da irin Hausarsa, "Dauda, ga ƙanwarka ya zo, Mai Jirgi." Yaya ya miƙe a hankali, bayansa ya ranƙwafa. Na sauke kayan a gabansa, na durƙusa na ce, "Yaya, na zo. Ban zo da hujja ba. Na san ba zai sauka ba tun kafin in kawo ka Makurɗi."

Ya ce, "Na ji a kotu."

Ya ɗauki doya ɗaya ya juya ta, ya kankare fatar da farce, ya mayar. Ya ce, "Mai kyau ce. Ba ta Baba ba ce."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ta Baba a hannuna ta ƙare. In na je can, ni zai tambaya, ba ke ba." Ya ɗauki garmarsa. Har ya juya, sai ya ce, "Je ki gida ki sha ruwa. Hajara ba za ta gaishe ki ba, kada ki ce mata komai."

Ba ta gaishe ni ba. Har yau ba ta gaishe ni, kuma tana da gaskiya.

Washegari na ari diga na shiga filin ni kaɗai. Mutane suka taru a bakin hanya suna kallo, wani ya ce, "Mai Jirgi, yau kuma jirgin ƙasa za a kawo mana?" Na ce masa in yana da diga ya zo, in ba shi da ita ya matsa, yana tare mini iska. Duk bazara nake zuwa in fasa abin da ƙarfina ya kai, in kwashe jar ƙasar da kwano, in zuba taki. Matan Adogi sun iya daɓe, wannan zan shaida ko gaban wa. Yanzu wajen kashi ɗaya cikin uku ya buɗe, Yaya yana dasa doyar kasuwa a wurin. In an daka, yakan ci. Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban tambaya ba, don ba ni da bakin tambaya. Na tuba ga Allah, sauran tsakanina da diga ne.

To, ku saurara. Na ji yadda ake ba da labarin nan a tasha da wurin masu shayi, ana ƙyaƙyata dariya a kan ƙauyawan da suka daɓe wa jirgi gona. Duk wanda ya yi wannan dariyar a gabana sai ya ji bakina. Yayana ba wawa ba ne. Ya ce bai san jirgi ba, ya tambayi wadda ta sani, wadda ya goya a bayansa. Abin da mai hankali ke yi ke nan. Ku da kuka yi boko, wa kuke tambaya in abu ya fi ƙarfin saninku, in ba wanda kuka yarda da shi ba?

Ni ba wawayen nake ja wa kunne ba, masu wayon nake nufi. Kai da ka ga abin da mutanen gidanku ba su gani ba, ke da kika je birni kika dawo ana tambayarki yaya abin yake, ku ne ke tsaye inda na tsaya. Baƙo ba ya iya shiga rumfar iri, sai ɗan gida ya buɗe masa. In kun fara zare doya ɗaya daga kwaryar wanda ya ba ku amana kuka ji daɗi, ku ji tsoron daɗin nan, ku mayar da ita tun ranar. In kuma wani naku ya ja ku gefe ya ce ku faɗa masa tsakaninku da Allah, ku faɗa masa, ko da motar tana tsaye injinta na aiki. Ni kalma biyu na faɗa a bayan rumfa, ga shi har yau ina fasa su da diga, kuma ban kai rabi ba.